Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya: Ƙazafin da muka daɗe muna yi wa wata itaciya

Da wuya a sami Bahaushen da bai taɓa jin karin maganar nan ba da ke cewa ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Ana jefa ta ga ɗan siyasar da ya cika gari da alkawari a lokacin yaƙin neman zaɓe, ana jefa ta ga saurayi mai daɗin baki da ba ya turo magabata. Mu mutanen yammacin Zamfara mukan faɗe ta da namu harshen, mu ce hure a maimakon fure, mu ce ɗiya a maimakon 'ya'ya, amma ma'anar ɗaya ce. Abin da da yawa daga cikin matasanmu ba su sani ba shi ne maganar tana da harshen damo. Akwai wata itaciya a ƙasar Hausa da ake kira ƙarya, wadda takan lulluɓe kanta da furanni ja-ja masu ɗaukar ido a tsakiyar rani, sa'annan a jira 'ya'ya a ji shiru. A jikinta magabata suka ga hoton maƙaryaci.

A matsayina na wanda ya shafe shekaru yana koyar da ilimin tsirrai, ba ni da ja game da abin da karin maganar ke faɗa a kan maƙaryaci. Inda nake da ja shi ne a kan itaciyar. Ƙarya tana 'ya'ya. Na gan su da idona, na riƙe su a hannuna, a kan duwatsun da ke tsakanin Anka da Bukkuyum, ba da nisa da Tungar Daji ba. Dalilin da ya sa mutanen gari ba su cika ganinsu ba yana da alaƙa da yadda muke dasa ta, kuma inda take haihuwar tata, wato daji, ya zama wurin da a yau ba mai shigarsa da kwanciyar rai.

Kafin in kai ga wannan, sai na kawar da wani ruɗani. Turawa suna kiran wannan itaciya da sunan da za a iya fassarawa da wardin hamada, kuma da wannan suna masu sayar da furanni a bakin titunan Abuja da Kaduna da Kano suke tallarta. Ba ta haɗa komai da wardi ba sai launi. Wardi na ainihi, wanda alhazai ke sayo turarensa na Ɗa'if daga Saudiyya, yana da ƙaya a jikin rassansa, ganyensa a rarrabe yake zuwa ƙananan ganyaye biyar ko bakwai masu baki kamar na zarto, kuma sanyi yake so. A duk faɗin Afirka ta kudu da Sahara, wardi ɗaya ne tak ke fitowa da kansa a daji, wanda masana ke kira Rosa abyssinica, kuma sai an hau tsaunukan Habasha da Eritiriya da makwabtansu ake samun sa, da furensa fari mai ƙamshi da 'ya'yansa da yara makiyaya ke ci. Ƙasarmu ba ta da wardin daji. Abin da Allah Ya ba mu a madadinsa shi ne ƙarya, kuma danginta su ne tumfafiya da yaɗiya da fatakka da kwankwani. Duk wanda ya san halin wannan gida zai fara zargin abin da ke cikin jikinta tun kafin a faɗa masa.

Wanda ya gan ta a daji karon farko zai ɗauka wata 'yar kuka ce da ta ƙi girma. Gindinta a kumbure yake kamar tulu, wani sa'in rabinsa a binne a cikin ƙasa ko a matse a tsagar dutse, daga nan sai rassa gajeru masu kauri su tashi, suna sirancewa zuwa sama. Ɓawonta sumul yake, mai ruwan toka da ɗan kore-kore. Galibin waɗanda na gani a yankinmu ba su wuce tsayin mutum ba, ko da yake a wasu ƙasashe takan kai mita 4, kaurin gindin kuma ya kai mita guda. Wannan gindi shi ne randarta. Naman cikinsa laushi gare shi, kamar soso, kuma a nan take tara ruwan da ta sha a cikin wata huɗu ko biyar na damina, ta yi ta tsimin sa har wata bakwai na rani su wuce. Shi ya sa ba a samun ta a fadama. Inda ruwa ke kwanciya, gindin ruɓewa yake yi. Ita 'yar fako ce da marmara da gefen tsauni, wuraren da manomi ya raina.

Ganyenta kuwa ba ya bin reshe daga ƙasa zuwa sama kamar na sauran itatuwa. A can ƙarshen reshe yake taruwa, a jere a karkace, kowane ganye mai kauri da sheƙi, siriri a gindi mai faɗi a kai, tsayinsa daga santimita 5 zuwa 12 ko fiye kaɗan. Da iskar hunturu ta kaɗa sai ta zubar da shi, domin ta ganye ruwa ke tsere wa itaciya. Sai bayan ta tuɓe tsaf, a lokacin da ciyawa ta ƙone, sabara da geza suka yi furu-furu da ƙura, sa'annan furen ke ɓarkewa. Ban san wani abin kallo a dajinmu da ya kai wannan ba: ƙasa baƙa ƙirin da toka bayan gobarar daji, ga wani dunƙulen itace tsirara a kan dutse ya yi ado kamar amarya.

A cikin furen ne asirin maganar yake. Siffarsa ta kakaki ce, bututu mai tsayin santimita 2 zuwa 5 wanda ya buɗe a baki zuwa kunnuwa biyar. Gefen kunnuwan ja ne ko ruwan hoda mai ƙarfi, launin yana dusashewa zuwa fari yayin da ake shiga maƙogwaro, inda wasu jajayen zare-zare suka miƙe zuwa ciki kamar masu nuna hanya. Idan mai karatu ya tsaga furen da reza a tsaye, zai ga gaɓoɓin namiji guda biyar sun haɗa kai sun yi wata 'yar dalla kamar hular bukka, kowanne da dogon wutsiya mai gashi da ta leƙo waje. Garin barbara yana cikin wannan bukka, ita kuwa gaɓar mace da za ta karɓe shi tana ƙarƙashi, kuma wurin da ke karɓar garin yana fuskantar ƙasa ne, a ɓoye. Iska ba ta iya kai garin can, ƙudan zuma ma yakan yi shawagi ya tafi a banza. Sai ƙwaro mai dogon baki siriri, wanda zai zura bakinsa ta tsagar bukkar har gindin fure don neman zaƙi, ya jawo shi da gari manne a jiki, ya je ya zura a wani furen. Ƙofa ce da ba kowane baƙo ke da mabuɗinta ba.

Akwai sharaɗi na biyu, kuma shi ne ya shafe mu. Yawancin itatuwan ƙarya ba sa ɗaukar ciki da garin jikinsu. Dole garin ya zo daga wata itaciyar daban, wadda ta tsiro daga nata irin. To, yaya ƙarya ta shigo gari? Wani ya je daji ya ga fure ya burge shi, ya karyo reshe, ya kafa a ƙofar gida, reshen ya kama, domin ba ta da wuyar kamawa. Maƙwabci ya gani ya roƙi reshe, liman ya sa aka kafa a harabar masallaci, hedimasta ya jera a gaban ofis. Bayan shekara ashirin sai a ga ƙarya talatin a gari guda, alhali a wurin masanin tsirrai itaciya ɗaya ce aka yanyanka aka rarraba. Ko da ƙwaron ya zo ya yi aikinsa, garin da ya ɗauko daga ƙofar liman zuwa ƙofar hedimasta garin jikinta ne, ba za ta karɓa ba. Furen ya yi kwanakinsa ya bushe ya faɗi. Magabata sun lura da kyau, abin da suka gani gaskiya ne. Sai dai ƙaryar gida suka yi wa shaida, hukuncin kuma ya hau kan ta daji.

A daji, inda kowace itaciya ta fito daga irinta, labarin daban ne. Bayan furen ya faɗi sai kwanso biyu su fito daga wuri guda, su miƙe hagu da dama kamar ƙahonnin bijimin Bororo, kowanne zai kai tsayin santimita 10 zuwa 20. Idan suka nuna sai su tsage a tsaye, iri ya fito, siriri mai ruwan ƙasa, bai fi ƙwayar shinkafa doguwa da yawa ba. Duk wanda ya yi wasa da audugar tumfafiya yana yaro ya san irin da ke tashi da gashi a kai. Na ƙarya ya ɗara, domin tuntu biyu gare shi, ɗaya a kowane ƙarshe, don haka iska ba ɗaga shi kawai take yi ba, har gangara shi take yi a ƙasa kamar gare-gare, sai ya faɗa wata tsaga ya maƙale. Idan ruwa ya sauka, cikin mako guda ya tsiro, kuma tun yana ɗan tsiro kamar yatsa ake ganin gindinsa ya fara kumbura. Wannan ma wani bambanci ne da masu sayen furanni suka sani: wadda aka dasa daga reshe ba ta cika yin wannan tulun gindi mai kyau ba, sai wadda ta fito daga iri.

Sunan da duniyar ilimi ta san ta da shi, Adenium obesum, yana da nasa tarihin mai ban tausayi. A shekarar 1761 Sarkin Danmak ya tura ayarin mutum shida zuwa ƙasashen Larabawa don bincike. A cikinsu akwai wani saurayi, Peter Forsskal, almajirin shahararren masanin nan Linnaeus na Suwidin. Shi ne ya ga itaciyar a Yaman ya siffanta ta, amma zazzaɓi ya kashe shi a garin Yarim a 1763 yana ɗan shekara 31. Mutum ɗaya ne ya koma gida da rai a cikin ayarin, Carsten Niebuhr, kuma shi ya buga rubuce-rubucen abokin tafiyarsa a 1775. A 1819 wasu masana biyu, Roemer da Schultes, suka ware ta a jinsinta na kanta, suka raɗa masa sunan da ake dangantawa da Adan ta Yaman. Kalma ta biyu kuwa ma'anarta a Latin mai ƙiba. Ita kuma ta Afirka ta Yamma, tamu ke nan, an daɗe ana kiranta Adenium honghel a matsayin nau'i mai cin gashin kansa, kuma da wannan suna likitan nan ɗan Sikotlan, J. M. Dalziel, ya rubuta ta a gefen sunanta na Hausa a littafinsa na sunayen tsirran ƙasar Hausa na 1916. Daga baya, musamman bayan nazarin wani masani ɗan Holan mai suna Plaizier a 1980, aka mayar da ita cikin obesum, aka ce ita da ta Sudan da ta Kenya da ta Yaman duk abu guda ne mai fuskoki da yawa. Har gobe masana ba su daina ja-in-ja ba a kan inda nau'i ya ƙare wani ya fara, tun daga ƙatuwar tsibirin Sokotra mai gindi kamar rumbu har zuwa ƙananan da ke kudancin Afirka. Irin wannan gardama ba a raba ta da baki. Da samfuri ake raba ta, ganye da fure da kwanso da aka tsinko daga daji, aka busar, aka rubuta wuri da rana. Ƙaryar ƙofar gida ba ta da amfani a nan, tunda ba wanda zai iya cewa daga wane dutse kakarta ta fito.

Na ce danginta su ne tumfafiya da kwankwani. Idan aka yanki jikinta, wani ruwa mai danƙo ke fita, wani sa'in garai-garai wani sa'in fari-fari, kuma ɗaci gare shi. A cikinsa, da cikin ɓawo da saiwa, masana sun tantance sinadarai kusan 30 masu aiki a kan zuciya, 'yan uwan maganin nan digoxin da likitoci ke ba masu ciwon zuciya da awo na ƙwayar zarra. Aikinsu shi ne toshe famfon da ke musayar gishirin sodiyam da fotasiyam a naman zuciya. Kaɗan yakan ƙara wa bugun ƙarfi, idan ya zarce sai amai da gudawa, bugun ya rikice, zuciya ta tsaya. Maharban da can ba su san sunan sodiyam ba, amma sun san a haɗa ƙarya da kwankwani a dafa dafin kibiya, kuma haka takwarorinsu suka yi daga Senegal har Tanzaniya. Masunta ma sun san ta kamar yadda suka san majimfa, a daka a zuba a gurbi kifi ya taso, abin da dokar kamun kifi ta ƙasa ta 1992 ta haramta, kuma ya kamata masu su a Kogin Zamfara da Gulbin Ka su ji wannan da kyau, don guba ba ta tambayar babba ko ƙarami. Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun gwada ruwan ɓawonta a kan tarwada sun tabbatar da abin da masunta suka riga suka sani. Masu magani kuma suna amfani da ita a kan miki da ƙwarƙwata da kaskar dabbobi. Ba na raina iliminsu, amma ba zan taɓa ba wani shawarar ya kai ta baki ba, domin tazarar da ke tsakanin magani da ajali a jikinta ba ta kai kaurin gashi ba.

Mutanen Tungar Daji ba sa bukatar a yi musu wa'azi a kan gubar da ke shigowa gida cikin kyakkyawar kama. Ƙauyen yana cikin waɗanda annobar gubar dalma ta 2010 ta afka wa, tare da Abare da Dareta da Sunke da Bagega a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, lokacin da aka riƙa daka dutsen zinare a tsakar gida, ƙurar ta kashe yara fiye da 400. Ban kwatanta girman wannan musiba da haɗarin itaciya ba. Abin da ya tuna mini da ita shi ne yadda suna ke tafiya da gargaɗi. Tsohuwar ƙauye da ta ji an ce ƙarya, ta san ta kori jikanta daga wurin. Matar babban ma'aikaci a Gusau ko Abuja da ta sayi wardin hamada a tukunyar roba ta ajiye a barandar da 'ya'yanta ke rarrafe, ba wanda ya gaya mata cewa dafin kibiyar kakanninta ta saya. Mai sayarwar ma sau da yawa bai sani ba.

Kuma abin da ta saya ɗin, mai yiwuwa asalinsa ya yi doguwar tafiya. A 'yan shekarun nan manoman furanni a Tailan da Taiwan da Indiya sun mayar da wannan itaciya sana'a babba. Sun koyi yin barbarar da hannu, da ɗan siririn buroshi, aikin da ƙwaro mai dogon baki ke yi a dajinmu. Sun haɗa wannan da waccan sun fitar da farare da baƙi-baƙi da masu kunnuwa ninki-ba-ninki kamar wardi na gaske, suna yi musu aure a kan gindin da aka tayar daga iri, kamar yadda manomanmu ke yi wa mangwaro, suna sayar wa duniya. Duk wannan kasuwa a kan iri ta ginu, wato a kan 'ya'yan itaciyar da muka ce ba ta 'ya'ya. A gefe guda kuma na sha ganin tsofaffin gindaye a wurin masu sayar da furanni waɗanda duk mai ido ya san daga daji aka haƙo su, da tabon diga a jikinsu. Itaciyar da ta yi shekaru aru-aru tana tara wannan gindi a kan dutse, a ɗauke ta a wuni guda, kuma akasari ta ruɓe a tukunya saboda yawan ban ruwa.

Kada in wuce gona da iri: a ma'aunin duniya ƙarya ba ta cikin tsirran da ake fargabar ƙarewarsu, ta bazu daga Muritaniya har Oman. Damuwata ta gida ce. Wuraren da take so, fako da tsauni, su ne wuraren da masu haƙar zinare ke farkewa, kuma ko haramcin da Gwamnatin Tarayya ta taɓa sanyawa a Zamfara a watan Afrilun 2019 bai hana su ba. Dazuzzukan da take haihuwa a cikinsu kuma sun zama mafakar 'yan bindiga, kuma ba wanda ya manta kisan da aka yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon Janairun 2022. Rabona da in kai ɗalibai wannan yanki ya fi shekara bakwai, kuma ba ni da fuskar da zan kalli iyayen wani ɗalibi in ce zan kai ɗansu dajin Gando ko na Sunke don tsinkar fure. Sakamakon haka muna yaye masu digiri a ilimin tsirrai, 'yan asalin Gummi da Anka, waɗanda suka san ƙarya a hoton kwamfuta da tukunyar ofis, ba su taɓa ganin ƙahonninta biyu ba. Idan aka tambaye su za su ce karin maganar gaskiya ce.

Na san wani zai ce ana ta rai wa ke ta fure. Yana da hujja, kuma ban nemi a tura soja gadin itaciya ba. Abin da nake nema ƙarami ne, kuma ba ya bukatar kowa ya shiga inda ba zai fito ba. Manoma da makiyayan da har yanzu ke zaune a Tungar Daji da ƙauyukan kewaye suna wuce wannan itaciya a hanyarsu ta gona. Ɗakunan adana busassun tsirrai na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na Zariya da na cibiyar binciken gandun daji da ke Ibadan suna nan, Jami'ar Tarayya ta Gusau da kwalejin aikin gona ta Bakura kuma suna da filin da za su ware kadada ɗaya ta fako su tayar da ƙaryar Zamfara daga iri, kowace da sunan dutsen da ta fito. Abin da ya rage shi ne a haɗa waɗannan da waɗancan, a biya mai kawo iri ladan wahalarsa.

Ga wanda ke da ita kusa da gonarsa, aikin ba shi da wuya. Idan ya ga ƙahonnin sun fara sauya launi daga kore zuwa ruwan ƙasa, ya naɗe su da zare sako-sako don kada su tsage iska ta kwashe. Bayan sun buɗe ya ciro irin, ya tsinke gashin, ya sa a takarda ba a leda ba, ya tsinko daga itatuwa daban-daban gwargwadon iko, ya kuma wanke hannunsa da sabulu kafin ya taɓa ido ko abinci. Irin ba ya jure ajiya, don haka a shuka shi a daminar da ta biyo baya, a cikin yashi mai tsakuwa, a kwance, a rufe shi da ƙasar da ba ta fi kaurinsa ba.